Ranar da muka sa wa kwale-kwalen Baba kunne

Asabar, bayan sallar isha'i.

Hannuna har yanzu warin fetur da laka yake yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau tun bai dusashe ba.

Da hantsi muka loda kaya a bayan a-kori-kura daga Samaru, muka bi ta Kwangila muka nufi bakin Galma. Akwati uku ne: na sona mai laluben ƙasan ruwa da sauti, na na'urar nutso da igiyarta, sai na batura da rigunan kariya huɗu. Wata bakwai muka yi muna tara kuɗinsu, ni da abokaina, tun abin da ya sami yaron maƙwabcinmu bara. Kwana uku aka yi ana nemansa a ruwa. Mahaifinsa yana zaune kan dutse da likkafani a leda a gefensa, ba ya ci ba ya magana. Masunta sun yi iya yinsu, nutso suke yi suna laluben laka da hannu, su taso su ja numfashi su koma. Kafin wannan ma, kifewar kwale-kwale a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ta daɗe tana cin raina. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi.

Mun tarar da Baba mai jirgin yana gyaran taru a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi.

"Injiniya, wannan ne kunnen da ka ce za ka sa wa jirgina?"

"Shi ne, Baba."

"To, sharaɗina ɗaya, ɗana. Ba a huda mini katako."

Na san za a rina. Shi ya sa tun ranar Laraba na sa mai walda a Sabon Gari ya haɗa mini bututun ƙarfe mai matsi biyu, wanda za a damƙe a gefen jirgi ba tare da ƙusa ba. A ƙarshen bututun muka ɗaura kan sonar, baƙi ne siriri kamar ƙaramin rogo. Dole ya zarce gindin jirgin zurfi, in ba haka ba katakon zai tare masa gefe guda. Dole kuma ya nisanci farfelar inji, don kumfa tana kashe sauti. Wajen samun daidai wurin nan kaɗai muka ci awa guda da rabi, muna sassautawa muna matsewa.

Da muka tayar da inji, allon ya cika da zane-zane kamar tabarma. Gabana ya faɗi. Ashe a batir ɗaya na jona sonar da inbatar da ke ba kwamfuta wuta, hayaniyar inbatar ce take shiga wayar. Na raba musu batir, na nesanta wayoyin, allon ya washe.

Nan ne ɗan Baba, matashi mai shiru-shiru, ya tambaye ni yadda abu zai ga ƙasan ruwan da ya yi ja kamar kunun kanwa. Na ce masa ba gani yake yi ba, saurare yake yi, irin na jemage. Yana sakin ƙara mai kaifin da kunnenmu ba ya ji, hagu da dama, ya jira amsa-kuwwa. Sauti a ruwan daɗi yana tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa, a iska kuwa kusan 340 ne. A zurfin mita shida, zuwa da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Abu mai tauri yakan fito da haske, laka ta fito da duhu. Amma abin da ake karantawa da gaske shi ne inuwa: duk abin da ya taso daga ƙasa yana tare sautin, sai bayansa ya yi baƙi, kamar inuwar mutum da la'asar. Tsawon inuwar shi ke nuna tsayin abin. Na'urarmu tana aiki da kaifin sauti iri biyu, kilohaz 455 mai cin faɗi, da 800 mai fito da hoto tangaram amma a kusa. Da wannan dabarar aka gano tarkacen jirgin saman Faransa da ya faɗa tekun Atlantika a 2009, bayan shekara biyu, a zurfin kusan mita 4,000. Tamu ƙanwar ƙanwar waccan ce, amma uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan azahar muka yi gwaji. Na cika buhu da yashi da tsofaffin tufafi, girman yaro ɗan shekara goma. Ina ɗaure bakinsa hannuna ya ɗan yi rawa, kowa ya yi tsit. Muka juya baya, ɗan Baba ya tafi da shi a ƙaramin jirgi ya jefa inda ba mu sani ba.

Muka fara bin ruwan layi-layi kamar mai huɗa, a hankali, gudun da bai wuce saurin tafiyar ƙafa ba. Kowane layi sai ya hau kan gefen na baya, domin daidai ƙarƙashin jirgi sonar ba ta ji sosai. A layi na uku wani abu mai rassa ya bayyana, na yi zumbur. Baba ko kallon allon bai yi ba.

"Kututturen ɗorawa ne. Ya ci mini taru biyu. Buhunka ba ya nan, ruwan nan ƙasansa gabas yake ja. Mu gangara."

Muka gangara. A layi na shida, ga shi nan: ɗigon haske mai tsawo, da 'yar inuwarsa a gefe. Muka zaga muka sake bi ta wata kusurwa, ya sake fitowa. Na danna alamar wurin a na'ura, muka jefa jarka ɗaure da dutse. Minti arba'in. Na tuna kwana ukun nan, sai na kau da kai ina kallon ɗaya gaɓar.

Na'urar nutson kuwa, wadda masunta suka riga suka raɗa wa suna Kunkuru, ta nuna mana iyakarta. Kafin ta shiga na shafa wa zoben robar murfinta man silikon, na duba ko gashi ɗaya bai maƙale ba, don kowace mita goma matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu. Igiya ce rayuwarta, tunda saƙon rediyo da na tauraron ɗan'adam ba sa ratsa ruwa. Da ta sauka, kyamarar ba ta ganin abin da ya wuce taƙi ɗaya. Na ƙara fitila, abin ya ƙara lalacewa, kamar direban da ya ɗaga fitila cikin hazon hunturu. Sai na rage hasken, na bi igiyar jarkar har ƙasa, na riƙa lalube da kamfas. Sau ɗaya igiyarta ta naɗe wani reshe, Baba ya hana ni ja, ya ce in koma da ita ta hanyar da ta bi. Ta kuɓuta. Can sai zaren buhun ya cika allon, hannunta ya damƙi ɗaurin.

Da muka fito da shi Baba ya daɗe yana kallonsa yana ɗiga ruwa. Sannan ya ce da a ce bara akwai wannan, da bai tura ɗansa nutso sau goma sha wani abu ba. Ya ce in koya wa yaron karatun inuwar nan, shi kuma zai nuna mini inda ruwan ke ajiye abin da ya ɗauka, lungu-lungu, daga nan har madatsa.

Saura gyara. Bututun yana karkarwa in gudu ya ƙaru, yana son tokara. Allon yana son rumfa, rana ta hana mu gani sai da na lulluɓa da rawani. Igiyar Kunkuru tana son abin naɗi. Batura suna caji yanzu a tsakar gida. Baba ya ce in iso gobe da an idar da asuba, kafin iska ta tashi, kuma wannan karon ɗansa ne zai zauna gaban allo.