Wasiƙa daga jihar Ohayo ta Amurka: yadda na bi diddigin likitan hanji kafin in miƙa masa kaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Gaisuwa ga manya da yara, da fatan kowa lafiya. Tun da labari ya iso muku cewa an duba mini hanji da kyamara, wayata ba ta huta ba. Masu tambaya ko lafiya, lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Amma tambayar da ta fi yawa ita ce, yaya mutum zai yarda da likitan da bai sani ba, a ƙasar da ba shi da kawu ko maƙwabcin da zai ce masa je wurin wane, hannunsa na da kyau? Na yi niyyar in ba ku labarin sanyin bana da tsadar hayar gida, za mu zo kansu, bari in fara da wannan.

Ba ciwo ne ya kai ni ba, shekaru ne. A 2021 kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya rage shekarun fara binciken sankarar babban hanji daga 50 zuwa 45. Likitan da nake gani ya miƙo mini takarda mai sunayen likitocin ciki da hanji guda uku, ya ce in zaɓa. Sunaye ne zalla. Wani abokin aikina ne ya nuna mini cewa gwamnati ta baza bayanan likitoci a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Rumbu na farko na Medicare ne, wato inshorar lafiyar gwamnati ta waɗanda suka kai shekara 65 da wasu masu nakasa. Tun 1979 kotu ta hana a bayyana abin da ake biyan kowane likita, sai a 2013 aka ɗage hanin, a watan Afrilun 2014 aka fara fitar da lissafin. Kowane likita na da lambar shaida mai alƙaluma 10. In ka sa ta, za ka ga irin ayyukan da ya yi, sau nawa, ga mutum nawa, nawa ya nema, nawa aka ba shi. A nan ne raina ya ɓaci, domin an ce an buɗe wa talaka, amma an rubuta shi da yaren ma'aikatan lissafi. Kowane aiki da lambarsa: 45378 dubawa kawai, 45380 dubawa da tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, 45385 dubawa da yanke tsiro da zargen waya. Dare biyu na yi ina kokawa da su. Sannan kuɗin da likita ya nema kan ninka abin da aka biya shi sau da yawa, har mutum ya ɗauka zamba ce, alhali kowa haka yake rubutawa, gwamnati kuma farashin da ta yanka take biya. Duk aikin da aka yi wa mutum ƙasa da 11 a shekara ba a nuna shi, don kada a gane majinyaci. Tsofaffin da suka bi ta kamfanonin inshora masu zaman kansu, kusan rabinsu ke nan, ba sa ciki. Irina da ba mu kai 65 ba kuma ba mu da nakasa, ba ma ciki. Lissafin ma na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce ne.

Duk da haka na amfana da abu guda: na ga wanda wannan aikin shi ne sana'arsa ta kullum, da wanda jefi-jefi yake yinsa. Cikin ukun, ɗaya ya fi karkata ga cutar hanta, sai na ajiye shi gefe, ba don wani laifi ba.

Rumbu na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Sunansa Open Payments, ya fito ne daga dokar lafiya ta 2010 da aka fi sani da Obamacare, aka fara wallafa shi a watan Satumban 2014, kuma ana sabunta shi duk ƙarshen Yuni. Dole kamfanonin magani da na kayan asibiti su faɗi abin da suka kashe wa likita: abinci, kuɗin jirgi da otal, ladan lacca, ladan ba da shawara, kuɗin bincike. Wallahi har abincin rana na 'yan daloli za ka gani, da ranar da aka ci, da maganin da aka zo talla. Likitocin hanji suna shan ziyarar 'yan talla saboda magungunan kumburin hanji irin su Humira da Entyvio da Stelara masu tsadar gaske ne. Ɗaya daga cikin biyun da suka rage, nasa duk abincin ofis ne. Ɗayan kuwa kamfani guda yana biyansa ladan lacca shekara bayan shekara.

Kada ku yi saurin yanke masa hukunci, ni ma na kusa. Karɓar kuɗin ba laifi ba ne a doka, kuma sau da yawa gwani ake nema ya koyar ko ya jagoranci bincike. Amma wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa likitocin da aka ciyar ko da sau ɗaya, abincin da bai kai dala 20 ba, sun fi rubuta maganin kamfanin da ya ciyar da su. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni dubawa kawai nake buƙata, don haka abin bai shafe ni sosai ba. Da ciwon da zan daɗe ina shan magani nake da shi, da sai na tambaye shi me ya sa wannan maganin, babu mai araha da ke aiki iri ɗaya?

Abin da ya fi muhimmanci kuwa babu shi a rumbunan biyu. Gwanintar mai duba hanji ana auna ta ne da yawan mutanen da yake gano musu ƙananan tsiron da kan rikiɗe su zama sankara. Kafin 2024 an daɗe ana cewa kada ya gaza mutum 25 cikin 100, kuma kada ya zare kyamarar cikin ƙasa da minti 6. Wani babban nazari na 2014 ya gano cewa duk ƙarin kashi 1 a wannan ma'auni na rage haɗarin sankarar da ke ɓulla bayan dubawa da kashi 3. Wannan sai ka buɗe baki ka tambaya. Mu kuwa an rene mu da jin nauyin likita, ba a yi masa tambaya. Na daure na tambayi mai abincin ofis ɗin. Bai ɓata rai ba, ya faɗa mini kashi nawa yake samu a wannan ma'auni, ya ce duk shekara ana lissafa musu. A kan wannan amsa na zaɓe shi.

Na san a gida ba mu da irin wannan rumbu, duk da 'yan tallan magani suna shiga asibitocinmu kamar yadda suke shiga na nan. Amma hukumar MDCN na riƙe da rajistar likitocin Najeriya, kuma tambaya ba ta buƙatar intanet. Sau nawa kake wannan aiki a wata? Za a ba ni sakamakon a rubuce? Abin da ke damuna shi ne yadda duk ciwon ciki a wurinmu olsa ne, duk jini a bayan gida basir ne, a yi ta shan jiƙo da maganin kemis shekara da shekaru. Na rasa ɗan'uwa ta wannan hanyar, sai da abin ya ci ƙarfinsa aka duba. Don Allah wanda ya ga jini, ko yana ramewa ba dalili, ya nemi a duba shi.

Bayan aikin takardun biyan kuɗi huɗu suka biyo ni: ta likita, ta wurin da aka yi aikin, ta mai allurar barci, ta ɗakin gwaji, ga ta inshora kuma da aka rubuta wa cewa ba ta biya ba ce amma cike take da kuɗaɗe. Har yanzu ina waya a kan guda ɗaya. Sanyi dai ana yi, ƙanƙara ta rufe ƙofar gida tun shekaranjiya. Maganar haya sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutanen gida.