Wai ni na aiko wa kaina wasiƙa

Talata, bayan isha'i.

Da safe na buɗe imel ina neman lissafin da mai turo min kaya daga Legas ya ce zai aiko, ban gani ba, sai na leƙa akwatin sifam ko can ya faɗa. Ga tarkacen nan na kullum, wai za a rufe min akawun cikin awa 24 in ban turo BVN ba. Waɗannan na saba, in yi bulokin yau gobe su dawo da sabon adireshi, kamar mai korar ƙuda a mahauta. Amma guda ɗaya sai da gabana ya faɗi, don a gurbin mai aikowa adireshina ne nawa na kaina. To wa zan yi bulokin, ni?

Bayan la'asar na samu ƙanina mai karatun kwamfuta. Ya ce "Yaya duba cikin saƙonnin da ka tura." Babu ita. Ya ce to ba wanda ya shiga maka, layin From ɗin nan kamar bayan ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, haka tsarin SMTP, wato ƙa'idar aika imel, yake tun 1982. Manhajar waya ba ta nuna cikin abin, sai ya buɗe Gmail a laftof ya danna ɗigo ukun nan ya zaɓi Show original, rubutu ya zubo kamar tururuwa, ni dai ido kawai.

Ashe duk sabar da wasiƙa ta ratsa, wato kwamfutar da ke karɓar ta ta miƙa gaba, sai ta buga mata hatimi a sama, layukan Received kenan, shi ya sa daga ƙasa ake karantowa, kuma na can ƙasan ma ɓarawo na iya ƙagawa, wanda za ka yarda da shi shi ne wanda sabar Google ta rubuta lokacin da ta karɓa. DMARC kuwa, mai tantance ko daga inda aka ce wasiƙa ta fito da gaske, ta rubuta FAIL ɓaro-ɓaro, wato ta faɗi gwajin. Ya kwafi lambar IP, wato adireshin injin da ya turo ta, ya sa a whois mai nuna wa ke da lambar, sai ga wani kamfanin hayar saba a Turai. Na ce mun kama shi! Ya yi dariya ya ce inji muka kama ba mutum ba, wataƙila shi ma injin kutse aka yi masa.

Ya haɗa min filta mai share duk mai ɗauke da kalmominsu, ya ce kar in kuskura in taɓa unsubscribe ɗinsu, wato wajen neman a daina turo saƙo, shaida ce gare su cewa akwai mai karantawa.

Shi kuwa na Legas ashe tun jiya ya turo lissafin ta WhatsApp.