Na je Paris kallon halittar da ba ta da kai

Ƙarshen Oktoba na 2019 muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Porte Dorée, ni da kawuna da ya daɗe a Faransa, sanyi yana ratsa mu har ƙashi. Daga nan 'yar tafiyar ƙafa ce zuwa gidan namun daji da ke dajin Vincennes. Raƙuman dawa da birai ba su tsayar da mu ba. Ni abin da ya kawo ni shi ne sabuwar baƙuwar da aka fara nunawa a watan, wadda Faransawa ke kira blob, masana kuma Physarum polycephalum.

A bayan gilashi take, a kan guntun icce mai danshi, rawaya shar kamar an fasa gwaiduwar ƙwai ta malale ta yi jijiyoyi. Ko motsi ba ta yi. Kawu ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗan nan, wannan ka taso ni da sassafe mu gani?"

"Kawu, ku yi haƙuri ku dubi majigin can."

A majigin an gaggauta hoton, domin ko ta yi sauri ba ta wuce santimita kaɗan a awa. Nan ne mutum yake ganin tana bugawa, ta kumbura ta saki, ruwan jikinta ya yi gaba ya dawo. Ba dabba ba ce, ba tsiro ba, ba kuma naman kaza ba. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, mai ɗauke da cibiyoyi masu ɗimbin yawa, wato ma'ajiyar bayanan gado, babu ƙwaƙwalwa, babu wani sashe da ke ba sauran umarni. Gefen da ya ci karo da abinci sai ya ƙara saurin bugunsa, maƙwabtansa su ɗauka, ruwa ya karkata can. Jijiyar da ruwa ya yawaita bi ta yi kauri, wadda aka ƙaurace wa ta ƙanƙance har ta ɓace. Shawararta ke nan gaba ɗaya, kuma a ganina wannan ya fi zancen da jaridu suka yi ta yayatawa cewa tana da jinsi 720 ban mamaki.

Da wannan 'yar dabarar ce a shekarar 2000 masanin kimiyya Toshiyuki Nakagaki na Japan ya nuna tana gano gajeriyar hanya a cikin ruɗaɗɗen lungu. A 2010 shi da Atsushi Tero da abokan aikinsu suka jera ƙwayoyin hatsin ot 36 a matsayin garuruwan da ke kewaye da Tokyo, suka haska fitila a wuraren duwatsu da teku tunda ba ta son haske, suka sake ta. Kwana ɗaya da 'yan awanni ta saƙa hanyoyin da suka yi kusa da layukan dogon yankin wajen tsawo da jure yankewa.

Kawu bai saki jiki ba sai da muka zo kan aikin masaniyar kimiyya Audrey Dussutour ta birnin Toulouse. Halittar ta tsani gishiri, amma idan aka yi ta tilasta mata tsallake shi kafin ta kai ga abinci, cikin 'yan kwanaki sai ta saba. Idan kuma aka haɗa ta da wata da ba ta taɓa ganin gishiri ba, suka narke suka zama ɗaya na wasu awanni, ita ma sabuwar sai ta daina gudunsa ko an raba su.

"To wa ya koya wa wa?" in ji Kawu, yana matsawa kusa da gilashin.

Wani yaro ya turo kai ta gefensa yana son gani, muka ba shi wuri muka nufi wajen zakuna.