Asabar ta Farkon Hunturu: Saƙa da Gudummawar Ɗiyar Yayana

Asabar, farkon watan Disamba, Katsina.

Tun daren jiya iskar hunturu ta juyo da ƙarfinta, har da na fito alwalar asuba sai da na ɗora ruwa a wuta kafin in iya taɓa shi. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare a Katsina yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma wannan ne lokacin kakar masu saƙa, domin matar da ba ta neme ni ba tun bazara yanzu za ta aiko yaro da saƙon cewa tana son rigar sanyi kafin Litinin. Da yara suka tafi Islamiyya na shimfiɗa tabarma a inda hantsi yake fara sauka a tsakar gida, na ɗauko aikin da ya fi gaggawa, wato kayan jaririn maƙwabciyata da za a raɗa wa suna ranar Talata. Riga da shawul na riga na gama su a kan keken saƙa, saura hula da safa, waɗanda na fi son in yi da hannu saboda haɗinsu ba ya yin kaurin da zai dami fatar jariri.

Hular jariri ƙaramin aiki ce a ido, amma a kanta ake gane ko mace ta iya lissafin saƙa. Kewayen kan sabon haihuwa yakan kama daga santimita 33 zuwa 35, kuma dole hular ta ɗan gaza haka, domin saƙa tana buɗewa idan an sa ta. Zaren da nake aiki da shi matsakaici ne, irin wanda ya dace da kibiya, wato tsinken saƙa, mai kaurin milimita 4, kuma da na saƙa ɗan gwaji na auna, ido 22, wato maɗaukan zaren da ke jere a kan kibiya, ne suka cika santimita 10. Saboda haka na ɗora ido 72, adadin da yake rabuwa gida takwas daidai idan an zo rage saman hula. Mata da yawa suna raina wannan gwaji, suna ganin ɓarnar zare ce, alhali kuwa wata tana matse zare a hannunta wata tana sake shi, kuma adadin da ya yi wa wannan daidai yana iya fitar wa waccan hular da sai ɗan shekara ɗaya zai sa. Uwar jaririn ta so in jera duwatsun ado a bakin hular, in kuma sa doguwar igiya ta ɗaurewa a wuya, amma na ba ta haƙuri a kan duka biyun, domin dutse yana iya ɓallewa ya shiga bakin yaro, igiya kuwa ba abin da za a bari kusa da wuyan jariri ba ce. Safa ma sai na juya ta na bi kowane bakin zare na soke shi cikin saƙa da allura, saboda silin zare guda yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudana, yaro yana ta tsala kuka ba a san dalili ba.

Ina cikin rage saman hular matar yayana ta kira ni a kan maganar da ta cinye sauran yinin. A ƙarshen Janairu za a ɗaura wa ɗiyarsu aure, kuma mu 'yan'uwan mahaifinta mata mun haɗa kuɗin gudummawa, sai dai ba mu tsayar da abin da za a saya ba. Mafi yawanmu sun karkata ga a ƙara mata kuloli da faranta, ni kuwa raina bai kwanta da hakan ba. Yarinyar nan a hannuna ta koyi saƙa, ta fara da kwarashi tun tana firamare, kuma bara ita ce ta taya ni fitar da rigunan sanyin 'yan makaranta da aka ba ni. Amma duk kayan aikin da take taɓawa nawa ne, kuma ranar da aka kai ta ɗakinta sana'arta za ta tsaya a gidana idan ba a yi mata wani tanadi ba. Kuloli za ta same su daga dangin uwa da ƙawaye har ta rasa wurin ajiye su. Na roƙi matar yayana ta ba ni zuwa dare kafin a yanke shawara.

Bayan azahar na hau napep zuwa Ƙofar Sauri wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ita ta fara ɗora mini kibiya a hannu. Tun tsakiyar mako ta shaida mini a waya cewa kekenta yana ba ta wahala. Da na gaishe ta na zauna, sai ta ce, "Ɗiyata, keken nan sai zubar mini da ido yake yi, kan kuma ya riƙa cijewa a tsakiya, ina jin lokacinsa ne ya yi." Keken nata ƙirar Brother ne mai allura 200, tazarar milimita 4.5 tsakanin kowace allura da 'yar'uwarta, irin wanda ake zura wa kati mai huji domin fitar da zane mai maimaituwa bayan kowane ido 24. Kamfanin ya daina ƙera kekunan saƙa tun shekarun 1990, don haka duk wanda yake hannun mata a yau ya sha aiki, amma ƙarfensu mai kyau ne, kuma sau da yawa abin da ake ɗauka mutuwar keke ce ba ya wuce lalacewar soso. Akwai wani dogon ƙarfe siriri da ake zurawa ta gefen keken, mai soso a jikinsa, wanda aikinsa shi ne danne allurai su zauna daidai a gurbinsu. Idan zafi da shekaru suka cinye soson, allurai sukan ɗago, kan keken da ake ja a bisansu ya riƙa karo da su, ido ya riƙa zubewa. Da na zaro na Inna sai na tarar ya lafe ya zama danƙo. Na sa mata sabon da na zo da shi, na share ƙurar da ta taru a tsakanin allurai da buroshi, na ɗiga man keke kaɗan, na canza allura biyu da harshensu ya lanƙwashe. Ta ja kan keken ya tafi sumul, ta yi ta sa mini albarka.

A nan na kawo mata maganar gudummawa. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Kada ku saya mata abin da zai burge masu zuwa ganin ɗaki. Ku saya mata abin da hannunta zai nema kullum." Ta tuna mini cewa mahaifiyarsu kaɗi take yi, kuma a gidansu babu tsarabar da take faranta mata rai kamar mazari mai kyau da audugar da aka kawo daga wajen Funtuwa. Na lura kuma Inna tana kai saƙar kusa da fuskarta kafin ta ga idon da ya zube, ga ɗakin ba haske sosai. Na ƙudurta a raina cewa ita ma tana da tata kyautar, fitila mai caji wadda ake lanƙwasa wuyanta ta haska kan allurai, sannan in lallashe ta a je a auna idonta a yi mata tabarau.

Daga can na wuce Babbar Kasuwa wurin mai zaren da na saba da shi. Abin da muke kira ulu a nan kusan dukkansa akirilik ne, zaren da ake yi daga sinadaran man fetur, domin tumakinmu, ko 'Yankasa ko Uda ko Balami, gashi ne da su gajere wanda ba ya kaɗuwa, ulu na gaskiya kuwa daga tumakin ƙasashe irin su Ostireliya yake zuwa, ga tsada. Mai shakka ta yanki ɗan guntu ta kusanta shi da ashana: akirilik narkewa yake yi ya dunƙule da warin roba, na gashin tumaki kuwa ƙaurin gashi yake yi ya zama toka. Ni ban raina akirilik ba, domin yana jure wanki, asu ba ya cin sa, kuma talaka yana iya saye. Sai dai ba na fasa gaya wa iyaye abu biyu duk lokacin da na miƙa musu riga: kada a ɗora mata dutsen guga mai zafi, domin za ta saki ba za ta komo ba, kuma kada a bar yaro ya matsa kusa da wuta yana jin ɗumi da ita a jikinsa, domin idan ta kama narkewa take yi ta manne wa fata.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, a ba ni fari da ruwan toka da shuɗi mai duhu, amma kowane launi ya zama daga ƙunshi ɗaya." Ya ce, "Hajiya, ai duk launi ɗaya ne." Na nuna masa lambar rini da ke jikin takardar kowane curi, domin curi biyu masu suna ɗaya idan ba a tukunya ɗaya aka rina su ba, bambancin ba ya fitowa a shago sai an saƙa rabin riga an fita da ita rana. Wannan ne kuskuren da masu son yi wa mai saƙa alheri suka fi yi: su tsinto curi ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya ruwan hoda, ya yi kyau a leda, amma babu wanda zai isa ko hannun riga. Gara launi biyu ko uku masu yawan da za su fitar da cikakken aiki, kuma launukan da makarantu da iyayen jarirai suke nema.

Sauran kayan na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ban ɗauki saitin nan na roba mai ƙyalƙyali da ake jerawa a kwali ba, domin kibiyoyinsa lanƙwashewa suke yi. Na ɗauki kibiyoyin ƙarfe masu milimita 3 da 4 da 5, da kibiya mai igiya a tsakiya wadda ake saƙa hula da ita a kewaye ba tare da ɗinki ba. Ita wannan sai da na bi mahaɗar ƙarfen da igiyar da farcena, domin idan akwai kaushi a wurin, zare zai riƙa sarƙewa a kowane layi har mace ta tsani aikin. Na ƙara da kwarashi kala uku, da allurar haɗi mai faɗin kafa marar tsini, da tef na awo, da ƙaramin almakashi, da littafi mai bango mai kauri inda za ta riƙa rubuta awon masu kawo aiki da adadin idon da ta ɗora wa kowace riga. Na sayi bokiti mai murfi na ajiyar zare, saboda ƙurar hunturu tana dusashe farin zare tun kafin a taɓa shi. Na'urar naɗe zare ta hannu ce kaɗai ban samu ba, kuma ina son ta da ita ƙwarai, domin zaren da aka naɗe da ita ta tsakiya yake fita ba ya birgima, keke kuma ba ya son zaren da yake fizga.

Bayan isha'i na rubuta wa 'yan'uwana a WhatsApp abin da na gani. Na ce waɗannan ƙananan kaya ni na ɗauki nauyinsu, kuɗin da muka haɗa kuma a saya mata keken saƙa na hannu, wanda ba ya bukatar lantarki, kuma hunturu ɗaya mai kyau yana iya fara mayar da kuɗinsa. Babbar yayarmu ta tambaya ko mijin zai yarda ta yi sana'a, matar yayana ta amsa cewa an riga an yi wannan magana da shi kuma ya amince, tun da a cikin gida za ta yi. Aka tsayar a kan keke. Sharaɗin da na kafa shi ne kada a aiki wanda bai san saƙa ba ya sayo, domin keken da aka yi amfani da shi sai an duba tsatsa a gadon allurai, an ja kan an ji tafiyarsa, an tabbatar da matajin farawa da ƙarafan nauyi da sandar zare da ma'aunin layi duk suna nan. Ranar Alhamis, bayan an gama hidimar suna, ni da ƙanena za mu shiga Kano mu duba, in Allah ya kai mu, kuma a can zan nemi na'urar naɗe zaren da fitilar Inna.