Hanyar Burmi, Inda Sarkin Musulmi Attahiru Ya Tsaya

Daga Gombe in ka yi arewa ta hanyar Bajoga, tirelolin siminti ne abokan tafiyarka, wasu sun yi lodi daga Ashaka, wasu kuma can suka nufa. Motarmu ta bar tasha da hantsi, damina ta kankama, gero da dawa sun rufe ƙasa hagu da dama. Da gangan na zaɓi wannan lokaci, domin a irinsa ne, ranar 27 ga Yulin 1903, aka yi yaƙin Burmi da Turawan Ingila, kuma ina so in ga ƙasar yadda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka gan ta, da taɓonta da ciyawarta.

A Bajoga na sauka na nemi ɗan acaɓa. Na farko bai san wurin ba. Na biyu, wani matashi da ya ɗaura buhun leda a kan sirdin babur saboda ruwa, ya ce, "Kabarin Sarkin Musulmi kake nufi, Malam? Hau mu je, amma fa akwai inda sai ka sauka ka taka." Gaskiyarsa. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar gonaki, laka ta riƙa kama taya, har na cire takalma na riƙe a hannu, shi kuma yana tura babur yana ba ni haƙuri.

Tafiyar ƙafar nan ce ta sa na fara lissafin abin da mutanen 1903 suka yi. Attahiru bai daɗe a kan gado ba. An naɗa shi a ƙarshen 1902 bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, Turawa kuwa sun riga sun ci Bida da Kontagora da Yola da Bauchi. Kano ta faɗi a farkon Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris aka kara a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, mahaya da takubba da masu a gefe guda, igwa da bindiga mai ruwa a ɗaya gefen. Ba a jima ba aka watse. A nan manyan daular suka rabu biyu. Waziri Buhari, bayan ya shawarci malamai, ya komo gari ya yi sulhu da Turawa, da hujjar cewa in kowa ya tafi babu mai tsare wa jama'a salla da shari'a da makarantu. Attahiru ya ce shi ba zai zauna ƙarƙashin Nasara ba, ya juya linzami gabas, da niyyar kaiwa Makka. Cikin mako guda Gwamna Lugga, shugaban Turawan, ya naɗa wani Attahirun, ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a madadinsa.

Da Attahiru da fadawansa kaɗai suka tafi, da Turawa sun bar shi ya yi ta tafiya. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne talakawa. Ya ratsa Zamfara, ya bi ta kudancin Kano ya nufi Misau, kuma duk inda ya wuce sai mutane su kwashe 'ya'ya da dabbobi su bi shi, dubbai a kan dubbai, ana gab da shuka. Wanda ya san manomin Hausa ya san ba ya barin gonarsa da ruwan fari sai abin da ya fi gonar ya kira shi. Mutanen nan sun tashi da labarin hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, sun kuma gaji zancen cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi gabas ta tarbi Mahadi. Ga tattaɓa-kunnen Shehun a gabansu yana kan hanyar. A ganina nan ne tarihi ya yi kwana, fiye da filin Giginya. Sabbin masu mulki sun ci birane, amma ga ƙasar tana tsiyayewa daga hannunsu da ƙafa, ba mai noma, ba mai biyan haraji, sarakunan da suka naɗa kuma na kallon jama'arsu na bin tsohon sarki.

Muka iske wani dattijo yana noman gyaɗa kusa da wurin. Na yi masa sallama, ya dogara fartanya a kafaɗa muka gaisa.

"Baba, nan ne Burmi?"

"Nan ne, ɗana. Kana tsaye a cikinta."

Na duba, ban ga gari ba. Ya nuna mini wani tudu mai tsawo da ciyawa ta lulluɓe, ya ce ganuwa ke nan. Sai da ya faɗa na gane yadda tudun ke lanƙwasawa yana zagaye gonakin. Ya duƙa ya tsinto wani ɓallen tsohuwar tukunya daga kunya, baƙi, gefensa da zanen yatsa, ya ɗora mini a tafin hannu. "Kullum muna haƙo irinsu," in ji shi. Na juya shi, na mayar inda ya ɗauko.

Burmi ba ƙaramin gari ba ce a zamaninta. Malam Jibrilla Gaini ya mayar da ita sansanin masu jiran Mahadi, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Mutanensa suna nan a garin lokacin da ayarin Attahiru ya iso yankin, kusa da kogin Gongola da dutsen Bima. A watan Mayu wata rundunar Turawa ta kai hari aka kore ta. Suka koma suka tattaro ƙarfi, suka dawo a Yuli ƙarƙashin Manjo Marsh. Tun da rana ake yi har yamma. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. A ɓangaren Attahiru mutum fiye da 600 suka kwanta, shi ma a cikinsu, gawarwakin mutanensa kewaye da tasa. Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, a nan ya cika. Daga baya aka ƙone garin aka rushe shi. Wani abin da ke ci mini rai shi ne, Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne. Yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji, kuma sun san wanda suke harbi.

Dattijon ya raka mu har kabarin. Wuri ne mai sauƙi, babu ƙawa, wanda bai sani ba zai wuce. Kabarin Marsh ma yana yankin. Muka tsaya muka yi addu'a, ɗan acaɓan ma ya cire hularsa ta sanyi ya ɗaga hannu. Da muka shafa na tambayi dattijon, tsakanin Attahiru da Waziri wa ya fi gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya tafi ya tafi don Allah, wanda ya zauna ya zauna don mutane. Ni wa zan zaga?"

Ni dai zuciyata tana wajen Attahiru, ba zan ɓoye ba. Amma na san alƙalan da suka ci gaba da zama, da tsangayun da ba a rufe ba, da sarautar Sakkwato da ta kai yau, ta hannun waɗanda suka haɗiye baƙin ciki suka zauna ne suka tsira. Waziri Buhari da kansa ya rubuta wa malamai yana bayyana damuwarsa a kan abin da ya yi, wato shi ma bai kwana da daɗi ba.

Kuma ayarin bai ƙare a Burmi ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da gabas, suka ratsa ƙasar Chadi ta yau har suka kai Sudan. A bakin kogin Nilu, kusa da Sennar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, inda ake jin Hausa da Fulatanci a kasuwa, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarauta. Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya da ke cikin tafiyar, ya kai har Madina, can ya zauna yana karantarwa.

Hadari ya taso daga gabas, ɗan acaɓa ya ce in muka ƙara jimawa hanya za ta gagare mu. Muka yi wa dattijo ban kwana, ya ce in gai da mutanen gida. Mai niyyar zuwa, ya fi masa sauƙi ya zo da rani, ya kwana a Gombe ko Bajoga, ya kuma nemi ɗan gari ya raka shi, domin babu yadda baƙo zai bambanta ganuwar Burmi da kunyar gona in ba a nuna masa ba.