Ni ma na taɓa sayen mai ƙofa biyu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya tarar da ni a zaure ina shan fura. Ya gaishe ni sama-sama, ya miƙo mini waya. "Kawu, duba motar ga." Hoton wata baƙar BMW 335i ce mai ƙofa biyu, ƙirar 2007, an wanke ta tana ƙyalli a ƙofar wani gida a Kaduna. Ya ce turbo biyu gare ta, dillali ya rantse injin lafiyarsa ƙalau, kuma mai ita ƙasar waje zai tafi, shi ya sa ya karya kuɗin. Na ce masa tun da nake, ban taɓa jin mai sayar da irin wannan mota da ba tafiya zai yi ba. Ya yi dariya, ya kunna mini bidiyon ƙarar salansarta har sau uku. Shekararsa biyu kacal da fara aiki, ko sisi bai ajiye na aure ba.

Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, domin duk unguwarmu a Birnin Kebbi an san wanda ya fara wannan haukan a gidanmu.

A 2013 ne. Ina da shekara 31, ina aikin gwamnati, litar fetur tana naira 97. Na kwashi adashi, na sayar da filotin da na gada, na bi wani dillali har Kwatano, domin a lokacin ba a hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa ba, sai a farkon 2017 aka hana. Niyyata in sayi Corolla kamar kowa. Sai idona ya faɗa kan wata Audi TT launin azurfa, ƙirar 2001, gajeriya, zagayayya kamar kunkuru, injin 1.8 mai turbo, ƙarfin doki 180, giyar hannu. Dillalin kansa, Allah Ya saka masa, ya ce, "Malam, wannan ba motar gida ba ce." Na ce masa ai ni ma ba gida zan saya ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Bayan sallar asuba nakan hau hanyar Argungu kafin manyan motoci su fito. In allurar injin tana ƙasa, motar salihar baiwar Allah ce, ba ka bambanta ta da Golf. Amma da zarar allurar ta haura juyi 2,000 a minti ka ƙara taka totur, sai ka ji wani siririn fito daga ƙarƙashin bonet, sai wani abu ya tura ka cikin kujera kamar an zaburi ingarma. Gonakin shinkafa na fadama su riƙa wucewa ta gefen ido. Har yau, in na rufe ido, ina jin wannan fiton. Yara suna bi na da gudu a Badariya, 'yan kabu-kabu suna ɗaga mini hannu. Akwai ɗan fiffike a bayanta da nake nuna wa abokai ina cewa ado ne. Daga baya na karanta cewa kamfanin ya ƙara shi ne wajen shekarar 2000, tare da na'urar hana santsi, bayan na farkon sun yi haɗurra a Turai a kan gudu mai tsanani. Wato a can, kan kwalta mai santsi kamar faranti, an ji tsoron gudunta. Ni kuwa ina taka ta a hanyar da akuya za ta iya tsallakawa kowane lokaci.

Motar ba ta cuce ni ba, gara in faɗi wannan tun yanzu. Ta zo da shekara 12 a duniya tana aiki lafiya. Ni ne na kashe ta, a hankali, da hannuna da taimakon wani bakanike da nake kai wa gyara a gindin darbejiya.

Ranar da na fara kai ta juyen baƙin mai, ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce, "Ai injin Golf ne, ranka ya daɗe." Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin irin wannan injin yana cikin wasu Golf da Passat. Sai ya ɗauko galan ɗin mai kauri da yake zuba wa tasi ya ɗura mata. Ni kuma na yi murna don na samu da araha. Abin da ban sani ba shi ne, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin injin yake juyawa, ita kuma ta danna iska cikin injin da ƙarfi don ya ƙona fetur da yawa. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ƙarfe kan yi ja, kuma abin da ke tsakaninta da ƙonewa baƙin mai ne kawai. Tana son mai marar kauri, mai tsafta, irin wanda aka rubuta wa 5W-40, kuma a juye shi a kan lokaci. Sannan in ka sha gudu ka tsaya, ana so ka bar injin ya huta minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada man da ya tsaya a cikinta ya dafe ya zama gawayi. Ni kuwa nakan taho a guje, in ci birki a gaban majalisa, in kashe, in fito ina kaɗa makulli. Wata takwas aka yi, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, fiton nan mai daɗi ya koma kukan jiniya.

Da zafin Afrilu ya zo, lokacin da ma'auni ke haura 40 a garin nan, allurar zafi ta fara hawa. Bakanike ya ce maganin abu ne mai sauƙi. Ya cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin injin, ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye da batir, ya farke ledojin fiya wata ya cika lagireto. Ina tsaye ina kallo, har da gyaɗa kai. Ruwa zalla yana saurin tafasa, yana cin ƙarfe daga ciki. Wa zai gaya mini?

To amma a nan zan ɗan kare kaina. Wa ya san waɗannan abubuwa a lokacin? Duk garin, in kana son a sa wa mota kwamfuta a karanta ciwonta, sai ka nufi Sakkwato ko Kaduna. Kuma ni ban sha giya ba, ban yi caca ba, ban bi mata ba. Mota na saya da halalina. Abokaina da suke yi mini wa'azi a lokacin, wasunsu kuɗinsu a harkar siyasa ya narke, ba su da ko hoton tunawa. Ni aƙalla na san abin da na ci. Haka nake faɗa wa kaina, wani lokaci kuma in yarda.

Sai wahalar fetur ta 2015 zuwa farkon 2016. Irin wannan injin yana son fetur mai kyau, domin iskar da ake danna masa tana sa gurɓataccen mai ya fashe kafin lokacinsa. Ni kuwa ba ni da haƙurin layi, sai in tsaya wurin 'yan bumburutu a ɗura mini abin da Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya a ciki. In na taka, in ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a cikin injin. Sai in ƙara muryar rediyo.

Ƙasan motar kuma ko tafin hannu biyu bai kai ba. Kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace kamar ƙaguwa, masu babur suna ta danna mini oda. Wata rana tsakanin Koko da Yawuri na faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Na ji ƙum. Kafin in tsaya, fitilar mai ta kunna, na waiga na ga baƙin layi a kan kwalta kamar an yanka rago. Tukunyar mai ta ƙasan injin ta tsage. Na yi awa huɗu a gindin wata tsamiya. Wani dattijo a kan jaki ya tsaya, ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ce, "Yaro, ina ake sa kaya?" Na ce ba a sawa. Ya ce, "Mutane fa?" Na ce biyu. Ya ce, "To jakina ya fi ta," ya yi gaba abinsa. Direban wata motar albasa ce ya ja ni da igiya zuwa Jega.

Abin da ya gama da ni shi ne tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Ban taɓa tambayar yaushe aka canza shi ba, bakaniken ma bai taɓa ambata ba. A irin wannan injin, in bel ɗin ya tsinke yana cikin tafiya, fistin yana haɗuwa da bawul. Bawul 20 gare shi, biyar a kowace silinda. Ya tsinke a 2016, shekarar da dala ta tashi, fetur ya koma 145. Aka nema a Ƙofar Ruwa a Kano, aka nema a Fanteka a Kaduna, daga ƙarshe sai daga Ladipo a Legas aka turo kan injin, wanda da ya iso aka ga ba irinsa ba ne. Wata huɗu tana tsakar gida a rufe da tamfol, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Ina zuwa ofis a kan kabu-kabu, makullin Audi a aljihu.

Duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuwa ana samun wani. Akwai abin da ban cika faɗa ba. Wani dare, kafin bel ya tsinke, jikin mahaifiyarmu ya tashi, aka ce in fito da mota a kai ta asibiti. Na fito da ita. Inna tana fama da ciwon gwiwa, kujerar kuwa tana can ƙasa kamar tabarma. Muka yi, muka yi, ta kasa lanƙwasawa ta shiga. Kujerar baya ko yaro ɗan firamare sai ya naɗe ƙafa, balle yayata da za ta riƙe ta. Muna tsaye cikin duhu, sai da aka buga wa maƙwabci ƙofa ya fito da tsohuwar Golf ɗinsa ta haya. Na bi su a baya ni kaɗai, a cikin motar da ta ci filotin mijinta. Ta warke, ta ƙara shekaru, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Uwar yaron nan da ke nuna mini hoton BMW ita ce ta riƙe ta a daren, shi yana barci a ɗaki.

Na sayar da ita a 2017, a kuɗin da bai kai sulusin abin da na kashe mata ba.

Na zauna da niyyar in jero wa samari shawarwari goma. Da na duba, ba su kai ba.

Kada ka saya. In albashinka ne kawai, kuma ita ce za ta zama motarka ɗaya tilo, kada ka saya. Kuɗin da dillali ya faɗa sadaki ne kawai, ciyarwa tana gaba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda fetur ya koma, injin silinda shida mai turbo biyu kuwa ba ya jin lallashi in ƙafarka tana da nauyi. Kuma ƙafarku duk tana da nauyi, na gan ku a titi da daddare, kuna juyi a shataletale wani yana ɗaukar ku a waya don TikTok.

In ka ƙi ji, kuma na san za ka ƙi, to nemi bakanike kafin ka nemi mota. Wanda yake da kwamfuta, wanda in ka ce turbo ba zai ce maka duk ɗaya ba ne. Ka je ganin motar da sassafe injin yana sanyi, ka tsaya a bayanta a tayar, ka kalli hayaƙin. In ka tarar an riga an ɗumama ta kafin ka iso, juya ka tafi. Ka ajiye rabin kuɗinta a gefe don gyara. In ba ka da rabin, ba ka da kuɗin motar. Ranar da ta shigo hannunka ka juye mai, ka canza ruwan lagireto da na gaske, in mai bel ce ka canza bel, komai rantsuwar mai ita. Duk wanda ya kai hannu zai cire tamostat, ka riƙe hannun.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne, komai yana cikin wayar da ke hannunku. Littafin motar, irin man da take sha, ciwon da aka san ta da shi, duk kyauta. Mu jahilci ya ci mu, ku kuwa ƙarar salansa kawai kuke saurare. Na tambayi yaron nan wane mai take sha, ya ce zai tambayi dillali. Na ce kilomita nawa ta yi, ya ce bai duba ba, amma kujerunta jar fata ne.

Sai dai kuma, in mutum bai yi irin wannan yana ɗan 26 ba, yaushe zai yi? Yanzu ina da Corolla, shekara bakwai ba ta taɓa kwana a gareji ba, kuma ban taɓa waiwayenta ba in na kulle ta na tafi. Waccan kuwa sai na waiwaya sau biyu. Don haka ban ce kada ka taɓa saya ba har abada. Ka yi aure, ka kafa ko ɗaki biyu ne, ka sayi wadda uwarka za ta iya shiga, sannan. Na san lokacin gwiwarka kai ma ta fara ciwo, wannan kuma ba ni da maganinsa.

Jiya ɗan yayar tawa ya kira ni. Ya ce ya ji maganata sarai, ya gode, amma ya riga ya tura kafin alƙalami tun kafin ya nuna mini hoton. Na yi shiru. Ya ce, "Kawu, ko za ka raka ni Kaduna ran Asabar, tunda kai ka san kan abin?" Na ce masa ba inda za ni. Bayan isha'i na kira shi na ce mu tashi da asuba, kuma ya gaya wa dillalin kada wanda ya tayar da ita kafin mu iso.