Injin kumfa na tankin murjani a Garwa

Tankina lita 800 ne, ruwan gishiri, da murjani mai rai da kifayen teku a ciki, a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Irin wannan tanki ba ya rabuwa da sikima, injin da ke fitar da dattin ruwa ta hanyar kumfa. Famfonsa yana da farfela mai ƙayoyi da ke daddatsa iska ta zama ƙananan kumfa. Kashin kifi da ragowar abincin da suka narke sai su manne mata, ta hau wuyan injin ta zube a kofi, kamar kumfar da ke tasowa a tukunyar nama. A ruwan gishiri yake wannan aiki, domin a ruwan daɗi kumfar nan da nan take fashewa.

Da na zo sayen sikima, lambar girman tanki da ke jikin kwali ban ba ta nauyi sosai ba. Kamfani zai rubuta lita 1,000, amma yawan kifi da yawan abincin da ake zuba musu su ke kawo datti. Wanda ya yi wa tanki girma kuma ba alheri ba ne: wuyansa faɗi, datti kaɗan, kumfa ta yi ta hawa tana komawa. Na duba na Deltec da Reef Octopus da Bubble Magus, na ɗauki matsakaici.

Wuta ce ta yanke mini hukunci. Tamu bolt 220 ce, saboda haka kayan kasuwar Amurka masu 110 na ajiye su gefe. Mai gyaran wutarmu ya juya famfon a hannunsa ya ce, "Alhaji, ka nemi mai bolt 24, batirin solarka zai riƙe shi ko an ɗauke wuta." Haka aka yi. Irin wannan famfo ana rage masa gudu, ba ya cin wuta, kuma ba ya ɗumama ruwa sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 alhali murjani 25 zuwa 27 yake so. Na sayi farfela ta biyu tun farko, don kaya sai sun bi Duwala da Ngaundere kafin su iso mu.

Akwai kuma batun ɗaukewar wuta. Babban famfon da ke mayar da ruwa sama na tsayawa, ruwa ya gangaro ƙaramin tankin da ke ƙarƙashi, inda sikima yake, ya cika shi, sikima ya yi ambaliya, dattin kofi ya koma ruwa. Sai na ɗora shi a kan ɗan dandamali, ya nutse wajen santimita 20 cikin ruwa, na haɗa shi yadda zai tsaya tare da babban famfon, ya jira 'yan mintuna kafin ya tashi.

Abin da ya fi damuna iska ce. Duk abin da ke ɗaki injin nan yana zuƙa ya dama shi cikin ruwa: ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta, maganin sauro na fesawa, wanda guba ne ga kifi da jatan lande. Na sa wa bututun iskar auduga da gawayin tace ruwa, kuma a ɗakin nan gidan sauro kawai muke amfani da shi. Da hunturu audugar takan yi ja cikin 'yan kwanaki, sai a canza.

Makonni biyun farko injin bai daidaita ba, na ƙyale shi. Yanzu yana tara ruwa baƙi-baƙi mai wari, kuma duk lokacin da na zubar da kofin sai na goge wuyan, don maiƙon da ke taruwa a wurin yana hana kumfa hawa.